Layi na Sha Bakwai

Sunana ya fito a takarda, layi na sha bakwai:
Rabilu Tasi'u, Mandawari.
Ba wanda ya sa mini igiya a wuya.
Sai dai shagon Baba ya rufe tun bara,
keken ɗinki ya bi mai bin bashi,
ƙannena huɗu suna zagaye tukunya da ido.
In wannan ba tilas ba ce,
ku faɗa mini sunanta.

Kafin assalatu nake fita
da takalmin gwanjon Ƙofar Wambai,
na hagu ya ɗara na dama girma,
na cusa masa tsumma.
Karnukan Kabuga sun daina yi mini haushi.
Mai shayi yana hura gawayi, ya ɗaga ludayi:
"Soja! Yau ma?"
Ban zama ba tukuna, amma ina amsawa.

A gindin Goron Dutse Kofur Maikano ke jira,
mai gadin firamare, yatsunsa tara.
Jarka biyu ya aro wurin 'yan garuwa.
"Hau da su. Sauko da su.
Ɗigo ya zuba, mu koma farko."
Ranar farko na amayar da kokon jiya.
Ranar goma cinyoyina suka yi mini yaji.
Yanzu ina kai wa ƙoli
har da ragowar numfashin salati.

Ya ce jiki jaki ne, da duka da dusa yake tafiya,
zuciya ce ke turjiya.
Sai ya tsayar da ni cikin rana
ya zage ni tas, har kakan da ban sani ba,
yana leƙen idona.
"Ya yi ja. Ka faɗi.
Can, wanda bai kai ka shekaru ba zai ce ka yi birgima a kwata,
ka yi, ka tashi, ka sara masa."
Na koyi haɗiye magana kamar maɗaci.
Na koyi cin tuwo kafin a ƙirga talatin.
Na ba ƙanwata Ummita wayata, ta riƙe bayan isha.

Rannan muna hutawa a sama,
gari shimfiɗe ƙarƙashinmu, rufin kwano har ƙarshen gani,
na ce, "Kofur, ka taɓa harbin mutum?"
Ya daɗe yana kallon Dala.
Ya murza gurbin yatsan nan.
Ya ce, "Igiyar takalminka ta kwance."

Inna ba ta ce kada in je ba.
Ba ta ce in je ba.
Tana dai kashe rediyo in an zo labarai,
tana toya ƙuli-ƙuli fiye da cikin mutum ɗaya.
Mun san gidan su Nafi'u, ƙofa ta uku a layinmu.
Shi ma daga nan ya fara gudun asuba.
Jakarsa ce ta dawo.
Mahaifiyarsa ta aiko mini da safa, sabuwa, ƙafa biyu,
ba saƙo.

Wanzami ya kwashe sumata jiya,
iska tana taɓa inda ba ta saba ba.
Na biya Sadisu ɗari bakwai ɗinsa.
Na nemi gafarar wanda na mara a filin ƙwallo.

Jibi motar Zariya, tashar Unguwa Uku.
Ƙafa ta shirya, kafaɗa ta shirya.
Atisaye ɗaya ya rage, Kofur bai koya mini ba:
in fito daga soro da jaka,
in kai bakin layi ban waiwaya ba.
Daren jiya na gwada, gida yana barci.
Taku tara na yi.